Ba Kowane Ambaton Suna Ba Ne Naɗi

Akwai wasu kalmomin Ingilishi da muke cin karo da su kullum a jarida da rediyo da takardun gwamnati, waɗanda in aka ba mu aikin fassara sai mu zuba su a ƙwarya ɗaya mu dama. Ina nufin kalmomin da Bature yake ɗauka in zai sa wa abu suna, ko ya liƙa wa wani laƙabi, ko ya ɗora mutum a kan muƙami, irin su “name”, “call”, “dub”, “label”, “brand”, “designate”, “nominate” da “appoint”. Ƙaramin ƙamus zai nuna maka kamar 'yan ɗaki ɗaya ne, kowace na iya zama a gurbin 'yar'uwarta. Jarrabawar shiga jami'a ma haka ta horar da mu, a ba ka kalma a ce ka zaɓo wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, ka zaɓa ka wuce. Ni ra'ayina shi ne kusa ba ta zama ɗaya ba. Kowace daga cikin kalmomin nan tana faɗa wa mai karatu abu biyu: wane ne ya sa sunan kuma da wane iko, sannan maganar ta ƙare ko da saura. Mai fassarar da ya mayar da su duka “naɗa” ko “kira” ya ba mai sauraro rabin labari, wani lokaci ma ya shiga faɗan da ba nasa ba bai sani ba.

Bari mu fara da inda abin ya fi fitowa fili, wato siyasa. Sashe na 147 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya yi magana a kan ministoci, ya bambanta matakai uku da kalmomi uku. Shugaban ƙasa yana “nominate”, Majalisar Dattawa tana “confirm”, bayan nan ne shugaban zai “appoint”. Ita “nominate” daga Latin ta fito, daga kalmar da ke nufin suna, kuma iyakarta ke nan: an ambaci sunanka, an miƙa shi gaba. Ba ka da ofis, ba ka da mota, ba ka da albashi. Amma sau nawa muka ji an ce “shugaban ƙasa ya naɗa sababbin ministoci” a ranar da aka karanta jerin sunaye a zauren majalisa? Dangi su fara tururuwa zuwa gida, makaɗa su ɗaura ganga, alhali mutumin ko gaban sanatoci bai tsaya ba.

Wani zai ce ai duk tafiyar ɗaya ce, wanda shugaba ya ambata shi zai zama. Shekarar 2023 ta amsa wannan. A watan Agusta na shekarar, sunaye 48 ne ke gaban Majalisar Dattawa, ta amince da 45, ta dakatar da uku, cikinsu har da tsohon gwamnan Kaduna, Malam Nasiru El-Rufa'i, wanda ya je ya amsa tambayoyi amma bai zama minista ba. A cikin wannan watan kuma aka janye sunan wata 'yar Kano 'yan kwanaki kaɗan bayan an sanar da shi, aka musanya da wata. Duk wanda ya rubuta cewa an naɗa waɗannan, me zai ce wa masu karatunsa washegari? An tuɓe su? Ba a tuɓe wanda ba a naɗa ba.

Akwai ma misalin da ya fi wannan daɗewa. Ibrahim Magu ya hau kujerar hukumar EFCC a watan Nuwamba na 2015 da kalmar “acting” a gaban muƙaminsa. Sau biyu aka kai sunansa Majalisar Dattawa, a Disamba 2016 da Maris 2017, sau biyu tana ƙin amincewa. Ya ci gaba da zama a kujerar har Yuli 2020, wato kusan shekara biyar, ba tare da kalmar nan ta bar sunansa ba. Lauyoyi sun yi ta musu a kan halaccin zamansa, kuma duk musun a kan waɗannan 'yan kalmomi ya tsaya. A nan Hausa tana da magana mai daɗi da ta fi ta Ingilishin hoto, wato riƙon ƙwarya. Mai riƙon ƙwarya ya san furar ba tasa ba ce. Wanda ya fassara labarin Magu ya yar da ƙwaryar ya ce “shugaban EFCC” kawai, ya yanke hukuncin da majalisa ta ƙi yankewa.

To ka ga matsalar ba talaucin Hausa ba ce. Muna da miƙa suna, muna da tantancewa, muna da amincewa, muna da naɗi, muna da rantsarwa. Wanda aka zaɓa bai hau ba tukuna, wato wanda Bature yake liƙa wa “elect” a bayan muƙaminsa, muna ce masa mai jiran gado. Duk suna nan, gaggawa ce take hana mu ɗaukar su. Na san uzurin da ake kawowa: lokacin rediyo kaɗan ne, kanun labari ba ya ɗaukar doguwar jimla. Amma “ya miƙa sunayen ministoci” bai fi “ya naɗa sababbin ministoci” tsawo ba. Ku ƙirga gaɓoɓin ku gani.

Ni da Yarbanci na tsotsa, a aji na koyi Hausa, kalmar “naɗa” tana da nauyi a kunnena, watakila fiye da yadda take da shi a kunnen wanda ya tashi da ita, don ni sai da aka buɗe mini cikinta kafin na iya ta. Asalinta naɗe abu a jikin abu ne, kamar yadda ake naɗa rawani a ka. Ranar naɗi ita ce ranar da rawani ya hau, jama'a suka shaida. A ƙasar Yarbawa ganyen akoko ake ɗora wa mai sarauta a ka, shi ne namu rawanin. Ingilishi kuwa “install” yake cewa, wadda asalinta zaunar da malamin coci ne a kujerarsa. Kowane harshe ya riƙe hoton bikin ƙarshe. Abin sha'awa shi ne a nan Hausa ce ta ba Ingilishi rance, domin jaridun Nijeriya “turbaned” suke rubutawa in an yi naɗin sarauta a Arewa, kuma kowa ya san daga ina suka samo ta. Idan ɗan jaridar Legas ya ga “appoint” ba ta ishe shi ba har ya ƙero kalma daga rawani, bai kamata mu masu nazarin harshen mu riƙa naɗa wa mutane rawani tun suna matakin ambaton suna ba.

Sarauta ma matakai gare ta. A Kano masu zaɓen sarki huɗu ne a al'ada: Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Su ke zaɓe, gwamna ya amince ya ba da takarda, daga baya a ba da sanda. Dubi abin da ya faru da Muhammadu Sanusi na Biyu. Ya hau a 2014, aka sauke shi a watan Maris na 2020, gwamnatin jihar ta dawo da shi a watan Mayu na 2024. Wasu jaridun Ingilishi suka rubuta “reinstated”, wasu suka rubuta “reappointed”. Ta farko tana nufin an mayar da shi kujerarsa, kamar dai cirewar ba ta da tushe tun farko. Ta biyu tana nufin sabon naɗi ne. Bambancin har lissafi ya taɓa, domin a hawansa na farko shi ne sarki na 14 a jerin sarakunan Fulani, Aminu Ado Bayero na 15, da ya dawo kuma aka riƙa kiransa na 16. In mayarwa ce, ai na 14 bai gushe ba; in na 16 ne, to an sake naɗi. Ba ina nan ne don in raba gardamar Kanawa ba, wannan ya fi ƙarfin ɗalibi. Abin da nake nunawa shi ne mai fassarar da ya zaɓi “an mayar da shi” ko “an sake naɗa shi” ya ɗauki ɓangare, ko ya sani ko bai sani ba, don haka gara ya sani.

Kafin in bar naɗi, ga wata 'yar ƙorafi ta nahawu. Ingilishi yakan sa “as” bayan wasu daga cikin kalmomin nan, wasu kuma ba sa karɓarta. “Appoint” tana iya tafiya da ita ko ba ita, “call” kuwa ba ta ɗaukarta sam. Mu kuma mun samo wa “as” ɗin nan gida a Hausa, duk inda muka gan ta sai mu ajiye “a matsayin”. Shi ya sa ake jin “an naɗa shi a matsayin sarki”. Ku saurari dattawa: an naɗa shi sarki, an naɗa shi Waziri, an yi masa Galadima. Ba su buƙatar wani matsayi a tsakani. Har ma in ka lura, “a matsayin” tana ɗan jawo shakku, kamar mutumin ba sarkin ba ne, tsaya masa ya yi.

Mu koma kan sa suna. “Name” ita ce uwa, kuma ita ta fi kusa da raɗa suna: wani mai iko da abin ya ba shi sunan da za a rubuta. “Christen” tana da wannan ma'anar, sai dai daga bikin baftisma ta fito, ko da yake yanzu har jirgin ruwa ana yi wa. Wanda ya rubuta ta a labarin sunan jaririn Musulmi ya kwafsa. “Call” kuwa sakakkiya ce, ba ruwanta da wanda ya raɗa, abin da bakin mutane yake faɗa kawai take ba ka. Bahaushe ya san wannan bambanci sarai, tunda yana da sunan yanka yana kuma da sunan rana da laƙabi. Ana iya yanka wa yaro rago da sunan Muhammadu ya tsufa ana ce masa Ɗanjuma ko Tanko, kuma matar ɗansa ba za ta kama ko ɗaya daga ciki ba in sunan surukinta ne.

Tambayar iko tana nan ma. Sunan ƙasarmu, Flora Shaw ce ta ba da shawararsa a jaridar Times ta Landan a watan Janairu na 1897. Shawara ta bayar, ba ita ta raɗa ba, domin 'yar jarida ba ta da wannan ikon. Hukumar mulkin mallaka ce ta ɗauka ta mayar da shi na takarda. A 1987, bayan rasuwar Cif Obafemi Awolowo, gwamnatin soja ta sauya wa Jami'ar Ife suna zuwa nasa, kuma sunan ya zauna. A ranar 29 ga Mayu, 2012, Shugaba Jonathan ya sanar cewa Jami'ar Legas za ta koma ɗaukar sunan Moshood Abiola. Kanun labarai suka ce “renamed”. Ɗalibai suka fito kan titi, aka je kotu, kuma da yake sunan jami'ar a cikin dokar da ta kafa ta yake, sanarwa kaɗai ba ta isa ta goge shi ba. Har yau sunanta Jami'ar Legas. Soja ya faɗa ta zauna, farar hula ya faɗa ba ta zauna ba, amma kalmar Ingilishin da aka yi amfani da ita ɗaya ce. Aikin mai fassara ne ya duba ko “an sauya” zai ce ko “an sanar da niyyar sauyawa”.

“Dub” ta fi ba ni dariya. A da can, kalma ce ta fada: sarkin Ingila ya taɓa kafaɗar mutum da takobi ya ba shi sarautar jarumta. Yau ta gangaro kasuwa, ta zama laƙabin da 'yan jarida ko jama'ar gari suka liƙa wa abu ba da izinin kowa ba. Kar a haɗa ta da “dub” ta ɗora murya a finafinan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa, wannan asalinta daban ne, kama ce kawai ta zo ɗaya. Kannywood laƙabi ne irin wannan, a mujallar Tauraruwa ta Kano ya fara fitowa a ƙarshen shekarun 1990, kafin jaridar New York Times ta fito da Nollywood a 2002. Ba wanda ya yanka masa rago, amma ya bi bakin duniya har babban ƙamus na Oxford ya shigar da shi a watan Janairu na 2020. Boko Haram ma haka ne: mutanen gari ne suka laƙaba, su 'yan ƙungiyar da wani dogon suna na Larabci suke kiran kansu. Saboda haka “laƙaba” ce fassarar “dub”, ba “raɗa” ba, balle “naɗa”.

Daga nan sai kalmomin da suke ciwo. “Label” asalinta ɗan ƙyalle ne da ake maƙalawa a jikin kaya, kamar takardar da ke jikin kwalbar magani. “Brand” ta fi ta zafi, don ƙarfe ne da ake sawa a wuta a ɗana wa dabba a fata a bar mata shaida, kuma an yi wa bayi haka. In marubucin Ingilishi ya ce an “label” wani ko an “brand” shi ɓarawo, yana gaya maka a fakaice cewa shi bai ɗauki nauyin zargin ba, wasu ne suka liƙa, mai yiwuwa ma zalunci ne. In ka fassara da “an bayyana shi ɓarawo”, ka mayar da ƙazafi shaida. Hausa tana da “yi masa tambari”, tana da “shafa masa baƙin fenti”, tana da “jefe shi da”, gwargwadon zafin da ke cikin asalin. Haka “so-called” da “self-styled”, su ma yatsina fuska ce a rubuce: wai shi malami, mai kiran kansa janar. Ƙaramar kalmar nan “wai” tana yin aikin da Ingilishi yake buƙatar kalma biyu ya yi.

Kar a ɗauka wannan wasan kalmomi ne. A 1929 matan ƙasar Ibo da maƙwabtansu sun tashi a kan jita-jitar za a sa musu haraji da kuma zaluncin sarakunan da Turawa suka ɗora da takarda a inda babu irin wannan sarauta a da. Aka harbe fiye da mata 50. Takardun mulkin mallaka suka kira abin “riots”, wato tarzomar 'yan iska, sunan ya zauna a littattafan makaranta shekara da shekaru. Su matan Yaƙin Mata suka ce da shi a harshensu. Wanda ya riƙe alƙalami shi ya liƙa tambarin, jikoki suka haddace don cin jarrabawa. Mu da muke zaune a Kudu ma muna ganin irinsa kullum a bakin titi. “Aboki” kalma ce mai kyau a Hausa, amma ku saurari yadda ake jefa ta ga mai gyaran takalmi ko mai sayar da ruwa a Legas da Ibadan, za ku ji ta tashi daga kira ta koma tambari. Can Arewa ma akwai sunan da ake kiran Ibo da shi wanda su ba sa so. Ɗalibin harshe ya kamata kunnensa ya rarrabe lokacin da kalma ta yi wannan ƙaura.

Na bar “designate” a ƙarshe don ita ce mai haƙora. Daga kalmar Latin mai nufin alama ta fito, kuma ba kowa ke da ikon yin ta ba, sai hukuma, bisa doka, da abin da zai biyo baya. Lokacin da Amurka ta “designate” Boko Haram da Ansaru a watan Nuwamba na 2013, ba zagi ta yi ba. Daga ranar, duk dukiyarsu da ke hannun bankunan Amurka ta daskare, kuma duk wanda dokar ƙasar ta hau kansa in ya taimaka musu ya yi laifi. Ɗan siyasa na iya “label” abokin hamayyarsa ɗan ta'adda a filin taro, a tafa a watse. In gwamnati ta “designate”, sai a nemi lauya. Kafafen labarai na Hausa sun daɗe da tsayar da “ayyana” a wannan gurbi, kuma ta dace. Roƙona shi ne a bar ta a nan, kar a riƙa ara wa kowane mai lasifika ita.

Sai dai ko “ayyana” ɗin takan shiga tsaka mai wuya. A watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa ayyukan 'yan fashin dajin Arewa maso Yamma ta'addanci ne, gwamnati kuma ta buga umarnin a jaridarta ta hukuma a farkon 2022. Doka tana son suna kafin ta haramta ƙungiya, su kuwa waɗannan mutane ba su da suna ɗaya, ba su da shugaba ɗaya. Sai takardar, wadda da Ingilishi aka rubuta ta, ta ɗauko kalmomin Hausa biyu na yau da kullum, 'yan bindiga da 'yan ta'adda, ta sa musu manyan baƙaƙe, ta ƙara “group” a bayan kowace, suka zama sunayen ƙungiyoyi. Ga mai karanta Ingilishi a Fatakwal, sunaye ne kamar kowane suna. Ga Bazamfare kuwa, duk wanda ya riƙe bindiga ɗan bindiga ne. Ina ba abokan ajina wannan a matsayin aikin gida, mu kawo amsoshinmu taron ƙungiya na gaba: ku fassara wannan umarni zuwa Hausa ba tare da kun ce an ayyana 'yan ta'adda 'yan ta'adda ba.